Igiya Mai Ƙulli Saba'in da Ɗaya

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi da na gada wajen kakana, wanda gara ta cinye farkonsa har ba a san mai rubuta shi ba, cewa a zamanin da an yi wani birni kusa da teku, ana ce da shi Zangon Ƙarshe. Fatake ne suka kafa shi. Sun keto hamada da raƙumansu, suna ta yin gaba har ran da ƙasa ta ƙare musu, suka ga ruwa ba iyaka, suka sauke kaya suka ce to, nan ne. Jikokinsu suka koyi sassaƙa jirage masu tafiya da iska, irin waɗanda ake ɗaura wa manyan zannuwa a jikin dogon itace, suna ƙetarawa Tsibirin Kanumfari fatauci. Amma tunaninsu bai sauka daga kan raƙumi ba. Shugaban jirgi ma madugu suke ce masa.

An ce birnin yana can ciki ne a bakin wani kogi, daga gare shi zuwa mashiga, inda kogin ke zuba cikin teku, tafiyar rabin yini ce a kwalekwale. A mashigar nan akwai tuddan yashi a ƙarƙashin ruwa, masu sauya wuri kowace shekara, hanyar jirgi kuwa siririya ce a tsakaninsu. Saboda haka in lokacin fatauci ya zo, sai ƙarti ashirin su je su kakkafa dirkoki na azara dama da hagu, a ɗaura wa kowace farin ƙyalle, don mai dawowa ya ga hanya.

Suna kuma da al'adar igiya. Ran da jirgi zai tashi, sai a kawo doguwar igiya a yanka biyu, rabi ya tafi cikin jirgi, rabi ya zauna hannun mai jirgin, ko uban wani babba daga cikin matafiya. Kowace safiya na ruwa su yi ƙulli ɗaya, na gida su yi ɗaya. In igiyar jirgin ƙarshe da ke waje ta cika ƙulli sittin bai dawo ba, shi ke nan, an fid da rai. Sai a je a tuge dirkokin, a yi wa matafiyan salla irin ta mamacin da ba a ga gawarsa ba, mata su shiga takaba. Ina sittin ɗin ta samo asali? Ran da jirgin farko zai tashi aka tambayi sarkin farko, wani tsohon madugu da bai taɓa taka ko kwalekwale ba, kwana nawa za a jira. Ya lissafa a yatsu yadda ya saba a hamada: ashirin da biyar zuwa, goma ciniki, ashirin da biyar dawowa. Shi ke nan ta zauna, ba wanda ya ƙara tambaya.

To, a zamanin Sarki Zubairu, wanda ya tsufa ƙwarai, mulki ya ishe shi har ba ya son jin kaɗe-kaɗen fada, aka yi wani attajiri ana ce masa Malam Jatau. Yana da jirgi mai suna Shamuwa, ya sa 'ya'yansa biyu a ciki, Nomau da Ɗanjuma, su kaɗai Allah ya ba shi. A shekarar nan duk jirage suka dawo sai Shamuwa. Ran da igiyarsa ta kai ƙulli hamsin da bakwai, ya naɗe ta a hannu ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ban zo da ƙarar kowa ba. Alfarma na zo nema. A bar dirkokin mashiga ko da kwana goma ne bayan sittin. Jikina bai ba ni yaran nan sun mutu ba."

Sarki ya saurare shi har ya gama. Ya sha jin wannan roƙo, kusan kowace shekara sai an zo da shi, kuma kowane uba cewa yake jikinsa bai ba shi ba. Shi kansa shekara ashirin da biyu ke nan da teku ta cinye masa ɗansa tilo, Yarima Kailani, a cikin wani jirgi mai suna Balbela. Ya dubi wazirinsa, wani dattijo mai yawan karatu da ake kira Hambali, ya ce, "Waziri, gaya masa. Ni na gaji da faɗa."

Waziri ya gyara zama ya ce, "Malam Jatau, ba mugunta ce ta sa ake tuge su ba. A zamanin kakan sarki, wata tsohuwa ta zo nan inda kake durƙushe, ta yi kuka har fada ta rikice, sarki ya tausaya mata ya ce a bar dirkoki. Kwana shida bayan haka, da hantsi, 'yan fashin teku suka ga fararen ƙyallaye suka biyo su har cikin kogi. Suka ƙone unguwar masaƙa, suka kama mutum ɗari biyu suka tafi da su, har da kakata wadda ta haifi mahaifina, ba a sake jin labarinta ba. Ɗan tsohuwar kuwa bai dawo ba. Ban da wannan, ga littafin jirage a hannuna, tun daga na farko. Na karanta shi ciki da bai. Babu jirgi ko ɗaya da ya taɓa shigowa garin nan bayan kwana sittin."

Hawaye suka zubo wa Malam Jatau. Sarki ya dube shi ya ce, "Attajiri, ni ma uba ne, ko in ce na taɓa zama. Zan yi maka tambaya ɗaya. Kwana nawa ake yi a ƙetare teku a dawo? Ka kawo mini wanda ya sani, ba wanda ke tsammani ba, ya zo da shaida a hannunsa. In ya nuna ta wuce sittin, na bar maka dirkoki. In ba ka samu ba, ran da igiyarka ta cika za a tuge su, kada ka sake zuwa mini."

An ce Malam Jatau ya wuni yana bin gidajen madugan jirage. Wannan ya ce shi arba'in da takwas yake yi, wancan ya ce hamsin da biyu, wani mai cika baki ya ce ya taɓa yi a talatin da tara. Kowa ya ba shi ruwa ya sha, ya yi masa addu'a, ya rako shi ƙofa. Duk waɗanda ya tambaya masu dawowa da wuri ne, don su kaɗai ke raye a garin. Washegari ƙafafunsa suka gaji, zuciyarsa ta fi su gajiya. Ya ce bari dai ya je ya ga tekun da idonsa. Ya hau kwalekwale aka kai shi mashiga.

Wurin ba kowa, sai iska da kukan tsuntsaye, da wani tudu mai giginya uku. A gindin tudun ya tarar da bukka, da wani tsoho yana dafa gishiri a manyan tukwane, hayaƙi ya rine masa gemu. Ya yi sallama.

Tsoho ya amsa ya ce, "Kai ne mai Shamuwa."

"Baba, ina ka san ni?"

"Ban san ka ba. Igiyar hannunka na gani. Mutum ba ya zuwa nan da igiya sai in ta kusa cika."

Malam Jatau ya zauna ya kwashe labari ya gaya masa, har da tambayar sarki. Tsoho ya ci gaba da iza wuta. Can attajiri ya zaga bayan bukka zai yi alwala, sai ya yi turus. Kaburbura ne jere, an kewaye kowanne da ɓawon kawa, ya ƙirga har hamsin ya bari. Ya dawo ya ce, "Baba, su wane ne waɗannan? Ba gari a nan."

Tsoho ya ajiye muciyar gishiri. Ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina jiran wani ya tambaye ni, ina kuma addu'ar kada a tambaye ni. Na gaji, Malam. Bayana ba ya iya haƙa kabari kuma. Ka kai ni wurin sarki."

Ranar da igiya ta cika sittin, da hantsi, ƙartin tuge dirkoki na tsaye a ƙofar fada da igiyoyinsu suna jiran umarni, sai ga Malam Jatau riƙe da hannun tsoho, tsohon na rataye da wata tsohuwar jaka. Suka faɗi suka yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Dattijo, kai ne ka san kwanakin teku?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san su ba, kuma duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake. Raƙumi ƙafa gare shi, in ka ce tashi ya tashi. Jirgi ba shi da ƙafa sai iska, iska kuwa ba baiwar kowa ba ce. Amma na san sun wuce sittin, don na yi su."

Ya ɗaga hannu yana magana, sarki ya ga yatsu shida. Ya ƙura masa ido, ya miƙe zaune. Ya ce, "Cindo? Madugu Cindo na Balbela? Ai mun yi maka salla."

"Kun yi, ranka ya daɗe. Allah ya karɓa, ya ajiye mini ita."

Sarki ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Faɗi."

Madugu Cindo ya ce, "Mun tashi mu talatin da huɗu, har da Yarima. Zuwa, iska ta yi mana kirki, kwana goma sha tara muka isa. Muka yi cinikinmu muka juyo. Kwana goma sha biyu da juyowa, iska ta ɗauke. Ban taɓa ganin irinta ba. Teku ta kwanta kamar man gyaɗa a faranti, zannuwan jirgi suka rataye kamar shanya. In ka jefa ɓawon gyaɗa da safe, da la'asar yana nan gefen jirgi. Muka yi kwana ashirin da wani abu a haka. Ruwan sha da ludayi nake rabawa, ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Mutane suka daina magana, don magana ma ƙishi take jawowa. Yarima ne ke riƙe da igiyarmu. Kowace safiya in ya idar da salla sai ya yi ƙulli, ya ɗaga a gani, ya ce, 'Ga shi, a gida ma yanzu babana ya yi nasa.'

"Da Allah ya sako iska muka taso. Ran ƙulli na sittin da tara muka ga tsuntsaye, da azahar muka hango giginya uku. Ranka ya daɗe, manyan mutane suka yi ta kuka suna rungumar juna. Muka matso, na hau itacen jirgi na duba. Ba ƙyalle ko ɗaya. Ruwa ne kawai, shimfiɗe, yashi na ƙarƙashinsa.

"Muka jefa dutsen tsayar da jirgi, muka yi hayaƙi, muka buga ganga har hannu ya kumbura. Kwana biyu. Ba kowa a mashiga, don me mutum zai zauna wurin da aka gama da shi? Ruwanmu ya ƙare ƙaf, ga ruwan kogi muna hange. Ran na saba'in da ɗaya na ce mu gwada, in bi hanyar da na tuna. Ashe yashi ya gusa. Jirgi ya hau tudu, igiyar ruwa ta juya shi, ta yi ta bugunsa har ya tsage. Mu biyu muka kai gaɓa da rai, ni da Yarima. Shi bai kai azahar ba. Yana kwance gindin giginyar tsakiya."

Sarki ya ce, "Ya yi magana?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, a yafe mini wannan."

"Na ce ya yi magana?"

"Ran da muka ga ba dirkoki, mutane suka fara zagi. Yarima ya tsawata musu. Ya ce, 'Guguwa ce ta kwashe su. Babana ba zai tuge ba yana sane ina waje.' Har ya cika a kan haka yake."

Tsoho ya buɗe jaka ya fito da igiya, gishiri ya cinye ta, ta yi fari. Sarki bai karɓa nan da nan ba. Ya sa hannu cikin rigarsa ya warware wata igiya daga ƙugunsa, wadda ba wanda ya san yana ɗaure da ita duk shekarun nan. Ya sauko daga kan karaga, ya shimfiɗa su biyu a ƙasa, bakin yanka ya haɗu da bakin yanka. Ya bi ƙulli-ƙulli da yatsa, nasa da na ɗansa, gefe da gefe, har sittin. Nan tasa ta tsaya. Ta yaron ta ci gaba. Ya ƙirga sauran a fili, kowa na ji, har goma sha ɗaya.

Can ya ce, "Me ya hana ka zuwa ka gaya mini?"

Cindo ya ce, "Na zo, ranka ya daɗe. Na iso ƙofar gari ana rabon sadaka. Na ji mutane na yabon sarki, wai da hannunsa ya tuge dirkar farko, don kada a ce ya fifita ɗansa a kan 'ya'yan talakawa. Na tsaya na ce wane baki zan buɗe. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba. Na koma na zauna kusa da shi." Ya sake sa hannu a jaka ya zaro igiyoyi uku. "Bayanmu jirage uku sun zo sun tarar ba hanya. Wannan sittin da shida, wannan tamanin da huɗu, wannan sittin da uku. Na yi hayaƙi, na yi ihu, na ɗaga riga, mutum ɗaya ba ya kafa azara a cikin ruwa. Abin da teku ta turo na binne. Waɗannan ukun a wuyana suke, don da na yi magana da suna gidajensu."

Sarki ya ce, "A wuyanmu mu biyu."

Waziri Hambali ya dubi littafin da ke cinyarsa, ya rufe shi a hankali. Ya ce, "Allah ya taimaki sarki, littafin bai yi ƙarya ba, babu jirgin da ya shigo gari bayan sittin. Mai rubutun ne yake zaune cikin gari. Shekara arba'in ina kafa hujja da shi, kaicona. Amma 'yan fashi ma gaskiya ne, kakata ba mafarkinta na yi ba. In an bar dirkoki, wa zai tsare mu?"

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, dirka ba ta gadi, mutum ke gadi. Daga kan tudun giginya ana hango zanen jirgi tun yana tafiyar rabin yini. A zaunar da mutum arba'in a can da kwalekwale. Jiragenmu kowane a ɗinka masa jan ƙyalle babba a tsakiyar zanensa. In aka hango baƙon zane, akwai lokacin da za a tuge dirkoki a tura hayaƙi gari ya shirya. In namu ne, ya tarar da hanya, ya tarar da mutane da ruwan sha. Wahalarsa ɗaya ce, zama. Zaman ne muka ƙi tun farko, muka laƙa wa kwana sittin."

Nan take sarki ya sallami masu tugewa, ya naɗa Cindo Sarkin Mashiga, ya ba shi mutum arba'in da alkyabba. An ce tsohon ya naɗe alkyabbar ya sa a jakar da igiyoyi suka fito, ya ce a bari sai jirgi ya shigo.

Aka shiga jira, jira kuwa ba abin da ya kai shi cin rai. Sittin da biyar ta wuce, saba'in ta wuce. Masu gadi suka fara gunaguni, sauro ya ishe su. A gari aka fara cewa an ɗaga takaba a banza, an bar mata tsakanin aure da zawarci. Igiyar Malam Jatau ta ƙare, ya yagi bakin rawaninsa ya ƙara. Ya rame har ba a gane shi, kullum yana kan tudu, idonsa ya yi ja don kallon ruwa. Sarki ma ya bar wa waziri fada ya tare a mashiga. Shi ba ya kallon teku, gindin giginyar tsakiya yake wuni.

Ran ƙulli na saba'in da takwas, da walaha, mai gadi ya yi ihu daga kan tudu. Malam Jatau ya sa hannu a goshi ya daɗe yana dubawa, sai ya zube ƙasa, don ya gane facin da shi da kansa ya sa aka yi wa zanen Shamuwa. Jirgin ya taho a hankali, a karkace, ya shiga tsakanin fararen ƙyallaye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya samu ruwan kogi. Aka tarye su da tuluna. Mutum huɗu ƙishi ya kashe a hanya, sauran aka fito da su kamar itace. Ɗanjuma sai ɗauko shi aka yi, amma yana numfashi. Nomau ya taka da ƙafarsa, ya faɗa jikin ubansa, leɓunansa duk sun tsage.

Ya ce, "Baba, iska ce ta ɗauke mana. Mutane suna ta cewa mun wuce sittin, an gama da mu. Na ce musu a'a, babana ba zai bari a tuge ba."

Sarki na tsaye kusa, ya ji. Ya dafa kan yaron ya sa masa albarka, ya juya ya hau tudu shi kaɗai, dogarai suka yunƙura za su bi shi, Cindo ya tare su da hannu.

Iyakar abin da gara ta bari ke nan. A gefen takarda ta ƙarshe kakana ya rubuta da hannunsa cewa tun daga ranar ba a sake yanke wa matafiyin teku kwanaki a Zangon Ƙarshe ba, in igiya ta ƙare sai a ƙara wata. Ni kuwa da na tsufa ina jujjuya labarin nan, abin da na gane shi ne, sau da yawa wanda muka ce ya ɓata ba ɓata ya yi ba, mu ne muka gaji da jira muka tashi daga ƙofa, sa'an nan muka rubuta cewa bai zo ba. Kafin ka fid da rai da naka, tambayi kanka wa ya yanke kwanakin, kuma ko ya taɓa shiga ruwan. Allah ya dawo da na hanya lafiya, ya sa su tarar da mu zaune.